Inna Tsahara da Hanyar da Ba Ta Bi Ta Garinmu Ba

Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar mahaifiyata, Tsahara, wadda kowa a Rijiyar Kalgo yake kira Inna. Yanzu na wuce shekarun da ta yi a duniya, amma har yau in na tuna da ita sai in ji na gyara zama, kamar tana daga bakin ƙofa tana kallona. In ka je garinmu ka ambaci sunanta, tsofaffin da suka rage za su ce Allah ya jiƙanta, daga nan su yi shiru. Matasa kuwa, da ba su taɓa ganinta ba, abu guda suka sani game da ita: wai ita ce matar da ta kori hanya. Ban taɓa rubuta komai a kanta ba. Bana na ga ya kamata, tun da sauran wanda ya ga abin da idonsa.

Rijiyar Kalgo ƙauye ne a arewa da Dakoro, daidai inda gonakin hatsi ke ƙarewa, ƙasar makiyaya ta fara. Hanyar mato da ta fita daga Dakoro ta nufi arewa ba ta bi ta wajenmu ba. Tana zuwa kusa sai ta karkata gabas, ta bi ta Tudun Aduwa, wanda yake tafiyar rabin yini ne a ƙasa daga gare mu, sannan ta sake miƙewa. Duk direban da ya san ƙasar zai gaya maka wannan lanƙwasa ba ta da dalili, don ba dutse a wurin, ba kwari. Dalilinta na cikin rijiyarmu, wasu kuma suna cewa yana cikin ɗakin mahaifiyata.

Sai na fara da mahaifina, in ba haka ba ba za a gane ta ba. Ina ƙarami aka zo aka ɗauke shi aikin hanya can kudu, wajen Maraɗi. Zamanin aikin tilas ne, maigari ya ba da mutum ko a tafi da shi shi kansa. An ce mana wata guda zai yi. Sai bayan an gama girbi ya dawo, ƙafafu a kumbure, da tari mai nauyi a ƙirji, kuma bai ga damina ta gaba ba. Ya bar Inna da ni, da ƙanwata Hajo a goye. Ba ta sake aure ba. Ta riƙe mu da awakinta da sana'ar fura, tana musanya hatsi da nono a wajen Fulanin da ke sauka kusa da mu, har ta ƙulla ƙawance mai ƙarfi da wata Bafulatana mai suna Dado.

Kada a ɗauka mace ce mai rowa ko mai ɗaure fuska. Baƙo bai taɓa sauka a ƙofarta ya tashi da yunwa ba. Amma yana shan fura tana kallon takalminsa, don ta san daga inda ya fito kafin ya faɗa. In wani ya yaba awakinta, kafin la'asar ta sauya musu turke. In aka kawo mata labari mai daɗi, ba ta tambayar ko gaskiya ne, sai ta tambayi wanda ya aiko a faɗa mata. Alheri tana yin sa hannu biyu. Yarda ce ba ta bayarwa.

Bayan yaƙin Turawa na biyu aka zaunar da kumandan, Baturen mulki na Faransawa, a Dakoro, aka kuma yi shela cewa an hana aikin tilas. Mutane suka yi murna. Inna ta ce ita dai za ta jira ta ga sunan da za a sa masa yanzu. Ba a daɗe sosai ba, wani rani, sai ga ayari ya sauka a gindin kalgon da ke bakin rijiyarmu: wani Anasara matashi da rana ta ƙona wa wuya, da tafintansa, da gardi biyu, wato dogarawan kumandan, da raƙuma ɗauke da turaku da wani madubi mai ƙafa uku. Masu awon hanya ne. Suka nemi samari masu ƙarfi da za su riƙe musu sanda su kafa turaku, ni ne na fara miƙewa. Lokacin ban daɗe da aure ba, kuma ban taɓa wuce kasuwar Birnin Lalle ba. Ina son in ga duniya, ga ta kuwa ta zo har ƙofar gida.

Maigarinmu a lokacin Baba Illo ne, ƙanen mahaifina. Ya tara mutane, tafinta ya tsaya ya yi bayani. Ya ce hanya za ta ratsa ta tsakiyar gari, wayar tarho za ta biyo gefenta a kan sanduna, manyan motoci da muke kira kamyo za su riƙa tsayawa, kasuwa za ta ci, likita zai riƙa zuwa. Ya ce a nan za a kafa sansanin ma'aikata, saboda an gaya musu rijiyarmu ba ta ƙafewa. Baba Illo ya sa aka yanka rago.

Mata ba sa magana a irin wannan taro. Amma Inna ce ta kawo furar baƙi, kuma da ta durƙusa ta ajiye ƙwaryar ba ta tashi ba.

Ta ce, "Malam tafinta, in tambaye ka. Wa ya roƙi hanyar nan?"

Ya ce, "Babu wanda ya roƙa, Inna. Alheri ne daga kumandan."

"To madalla. In rairayi ya rufe ta bayan ruwa, wa zai share? In kamyo ya kafe, wa zai tura? Masu aikin da za su zauna nan, hatsin wa za su ci?"

Tafinta ya yi dariya. Anasaran ya tambaye shi abin da tsohuwa take cewa, ya amsa masa da ƴan kalmomi kaɗan, Anasaran ya yi murmushi ya gyaɗa mata kai. Sai bayan shekaru, da na tsinci ɗan Faransanci a bakin tasha, na gane tafintan cewa ya yi tana godiya. Ita ba ta jira shekaru ba. Muna shiga gida ta dube ni. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana. Ta ce, "Kai, ka ji? Na yi magana mai tsawo, ya mayar da ita gajera. Sauran ina ya kai ta?"

Na ce mata zamani ya sauya, yanzu biyan mutane ake yi. Ta ce mahaifina ma an gaya masa wata guda ne.

Anasaran ya ce za mu wuce arewa mu ƙarasa kafa turaku, mu dawo ranar Laraba ta sama ya auna ruwan rijiya, daga nan ya rubuta wa kumandan. A gaban kowa aka faɗi ranar. Na bi su muka tafi.

Ranar da muka dawo, tun daga nesa na ga garin ya sauya. Bakin rijiya ya zama fili guda na kashin shanu da sawun kofato. Garken dangin Dado ne gaba ɗaya, har da wasu Buzaye da raƙumansu, mutanen da a irin wannan lokaci can wajen Badar Gula suke shayarwa, ba su da abin da zai kawo su wajenmu. An ce kwanaki suka yi suna jan ruwa tun asuba har faɗuwar rana, guga na fita guga na shiga. A al'adarmu ba a hana makiyayi ruwa, don haka Baba Illo yana ji yana gani bai iya hana su ba. Anasaran ya zura igiyarsa mai ƙarfe a baki, ta fito da laka. Ya ce a jira gobe. Washegari ruwan da ya taru bai kai a cika tuluna kaɗan ba, shi ma ja wur.

Baba Illo ya yi rantsuwa cewa tun da aka haƙa rijiyar ba a taɓa ganin haka ba. Anasaran ya dube shi irin kallon da ake yi wa mai talla, ya juya wajen matan da ke tsaye da tuluna babu ruwa, ya sa a tambaye su ko haka take yi kowane rani. Babu wadda ta ɗaga kai. Can sai Inna ta ce, "Ga ta nan gabanku. Ku duba da idonku." Wannan karon tafinta ya fassara duka. Ba ta yi ƙarya ba, kuma ba ta faɗi gaskiya ba. Da hannuna na tuge turakun da na kafa a tsakiyar garinmu, na ɗora wa raƙumi, muka kai su Tudun Aduwa. Kafin in dawo gida makiyayan sun watse, rijiya ta cika kamar ba abin da ya faru.

Baba Illo ya zo gidanmu da kansa, abin da ba ya yi sai da dalili. Ya tarar da ita tana daka, ya tsaya bai zauna ba.

"Yaya Tsahara, Fulanin Dado wa ya kira su?"

"Ƙishirwa, ina tsammani."

"Ƙishirwa ta san ranar da Anasara zai dawo?"

Ta ce, "Maigari, kai ke da gari, kai ke da rijiya. Ni ga abin da nake yi." Ta ci gaba da dakanta.

Daga ranar magana ta bazu. Wasu suka ce maigarin Tudun Aduwa ne ya saye ta, tunda dangin uwarta can suke, har ana nuna wata jar karsana a garken Dado ana cewa ita ce ladan. Wannan ban taɓa yarda da shi ba, don macen da ba ta karɓar goro daga hannun da ba ta sani ba, ba za ta karɓi saniya ba. Amma ni ma ina da nawa zargin, kuma nawa ya fi nasu tushe. Na tarar rumbunmu ya yi ƙasa fiye da yadda na bar shi. Matata ta gaya mini cewa washegarin tafiyarmu Inna ta ɗauki sandarta ta ce za ta gaisuwar rasuwa a ruga, ta kwana biyu. Daga baya na bincika, babu wanda ya rasu a rugar nan a wannan rani. Na taɓa tare Dado a kasuwa na tambaye ta, ta yi dariya har tana riƙe ƙwaryarta, ta ce shanu ne suka ja su, su bi kawai suka yi. Ita Innar sau ɗaya na tambaye ta kai tsaye. Ta tura mini akushi ta ce in ci tuwona kafin ya huce. Har ta koma ga Allah ba ta ce ta yi ba, ba ta ce ba ta yi ba.

A shekarun farko kamar ita ce da gaskiya. Duk lokacin da aka yi ruwa rairayi ya hau hanya, sai a fitar da mazan Tudun Aduwa daga gonakinsu su share, ana tsakiyar noma. Ba a kiransa aikin tilas, taimako ake ce masa, amma gardi na tsaye da bulala. Kamyo ya kafe, a buga ganga kowa ya fito turi. Duk ma'aikacin da ya biyo hanya a nan zai kwana, kuma kaza zai ci. Masu karɓar lanho, wato haraji, da a da sai an ga ƙurar dawakinsu tun daga nesa, yanzu kafin a ji ƙugin mato sun iso. A sansanin ma'aikata kuma an rataye wani akwati da aka haɗa da wayar, shugaban aiki ya murɗa hannunsa ya yi magana, gobe sai ga gardi daga Dakoro sun zo da sunan mutum a bakinsu. Da aka fara kama yara ana kai su lakwal, makarantar boko, mutanen Tudun Aduwa wajenmu suke kawo nasu ɓoyo. Da rigimar jam'iyyu ta taso gab da tafiyar Faransawa, an kwashi mutane a can, mu ko leƙo mu ba a yi ba.

Inna ba ta taɓa cewa ai ta faɗa ba. Ina jin ta san in ta faɗi haka ta amsa laifin ke nan. Akwatin maganar ne kawai ta yi wa sharhi, da aka ba ta labarinsa. Ta ce ɗan aike in ya yi ƙarya ana iya kama shi a kunyata shi gaban mutane, to maganar da ta zo ba tare da mutum ba, wa za a kama?

Sai haihuwar Hajo ta zo. Ta auri wani ɗan uwanmu a cikin gari, ta dawo ɗakin Inna goyon ciki kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Bazara ce, zafi kamar ana hura wuta. Naƙuda ta kwana ta wuni, ta sake kwana. Da safe ungozoma ta fito ta ce ita iyakar saninta ke nan. Na ce a ɗauki Hajo a kai bakin hanya, a roƙi shugaban aiki ya kira Dakoro, likita yana da mato. Ina faɗa ina kallon Inna a bakin ƙofa, na shirya mu yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Ba ta yi musu ba. Ta ce, "Ku ɗaure gado. Ku yi sauri."

Muka ɗaura gadon kara a kan sanduna, mu huɗu muka saɓa, wasu na biye don karɓa. Inna na tafiya a gefe, ta ware zanenta tana yi wa Hajo inuwa, hannu a sama tun hantsi. Ban ga ta sauke shi ba, ban ga ta sha ruwa ba. Rairayin yana ƙona ƙafa, muna hawa tudu muna sauka. Bayan azahar muka hau wani tudu, sai ga sandunan waya sun bayyana a jere can gabanmu, har ana iya ganin hasken wayar. A nan Inna ta ce mu sauke. Ta duƙa ta daɗe, sannan ta rufe wa Hajo fuska da zanen. Wani ya ce ko mu ƙarasa, tunda an kusa. Ta ce, "A ƙarasa a yi mi? Mu koma."

A zaman makoki akwai waɗanda suka faɗa, ba da ƙarfi ba amma yadda za ta ji, cewa da hanya a ƙofar gida take da ba a yi haka ba. Baba Illo ne ya tsawata musu, shi da ya fi kowa jin haushinta, ya ce duk mai wannan magana ya tashi ya bar masa gida. Mijin Hajo kuwa bai sake gaishe ta ba har ya bar garin.

Na yi shekaru ina juya wannan rana a raina. Bayan rasuwar Hajo na bar gida, na zama yaron mato, daga baya na zama direba, kuma a kan wannan hanya na ci yawancin abincina. Na san abin da mutanen garinmu ba su sani ba. Akwatin nan ya fi kwana a mace fiye da a raye, don gara na cin sandunan, raƙuma na soshe-soshe a jikinsu, a wancan zamani har raƙumin dawa yana tsinka wayar da wuyansa. Na san motar likita sau da yawa ba ta da mai, ko kumandan ya aike ta wani wuri, kuma ban tabbata za a tashe ta saboda matar talaka a ƙauye ba. Mai yiwuwa ko da hanya ta bi ta ƙofar ɗakin Inna, da Hajo ba ta tashi ba. Amma mai yiwuwa ne kawai. Na taɓa ɗaukar mace a irin wannan hali daga Tudun Aduwa, a bayan kamyo a kan buhunan gyaɗa, kuma ɗan da ta haifa yau yana da jikoki.

Duk tsawon shekarun da na yi ina tuƙi, Inna ba ta taɓa shiga motata ta aiki ba, ba ta taɓa zuwa ta ga inda nake ajiye ta ba. In na kawo mata sukari ko sabulu sai ta juya su a hannu, ta tambaye ni mi aka fitar daga ƙasar nan kafin a shigo da wannan. Da Faransawa suka tafi na zo mata da albishir, ta ce to, hanyar da wayar sun tafi da su? Na ce a'a. Ta ce ashe wanda ya gaje su ba zai sha wahalar nemanmu ba.

Yau Tudun Aduwa gari ne. Akwai kasuwa, akwai lakwal, akwai gidan likita, ga dogon ƙarfen salula, wato wayar hannu, ana hango shi tun daga tudun da muka sauke Hajo. Yaran da aka kama da kuka aka kai lakwal su ne suka zama manyan ma'aikata, waɗanda aka ɓoye a rumbunanmu kuwa suka tsufa suna kiwon awaki, wasunsu har yau suna ƙorafi. Rijiyar Kalgo ta tsuke. Hanyar da aka hana shiga gari ba ta fasa kwashe samarinmu ba, a kan babur suke zuwa su same ta. Kowane zaɓe sai an zo an yi mana alkawarin reshe daga babbar hanya, a kafa ƴan turaku, bayan zaɓe yara su tuge su yi wasa da su.

Nakan tambayi kaina abin da za ta ce da ta ga wannan zamani. Maganar da ta ƙi ta shigo ta kan sanduna yanzu ta shigo ta iska, ba ta nemi izinin maigari ba, ba ta auna rijiya ba. Tana cikin aljihun kowane jikanta. Kafin a ba ka layi sai an ɗauki sunanka da hotonka, sai ka ce an yi maka alheri. Saƙo ya shigo ya ce ka ci kyautar da ba ka nema ba. Murya ta kira tsoho ta ce ɗansa na kwance a asibiti, alhali yaron na gona. Ɓarayin shanu su ma da ita suke sanar da juna inda garke ya kwana. Na san da Inna ta sa an ajiye ta a waje, bayan danga, a kife ta da ƙwarya. Amma kuma bara matar jikan Baba Illo ta shiga irin halin Hajo, aka danna waya, kafin la'asar tana gadon likita a Dakoro, ita da jaririyar duk suna nan lafiya. Wannan ma da Inna ta gani, kuma ba mace ce mai rufe ido ga abin da ta gani ba.

Abin da ya rage nata a duniya ba shi da yawa. Ɗakinta ya rushe, awakin sun ƙare a shekarun fari. Sunan da aka laƙaba mata ya rage, kuma ban rubuta wannan don in wanke ta ba, tunda ni kaina na fi zaton ta yi. Abin da nake so a sani shi ne ba don ƙiyayya da ci gaba ta yi ba, ba kuma don saniya ba. Mace ce da hanya ta karɓi mijinta da alkawari, ta ga an dawo da irin alkawarin ana neman ɗanta, ta yi tambaya aka mayar da tambayarta godiya. Da an amsa mata a ranar, ko da amsa mai ɗaci ce, wataƙila da labarin ya sauya. Tambayoyinta suna nan a bakina. Ina da salula kamar kowa, amma in zan faɗi magana mai nauyi sai in kashe ta in tafi da ƙafata. Jikokina suna yi mini dariya, ina barin su.

A shekararta ta ƙarshe, da ƙarfinta ya ragu, ta aiko a kira ni daga Dakoro. Na zaci wasiyya ce. Sai ta ce in nemo amalanken shanu in kai ta bakin hanya, tana son ta gani. Muka tashi da sassafe, muka bi ta inda muka bi da Hajo. Na shimfiɗa mata tabarma a gindin wata aduwa kusa da tasha. Ta zauna tun rana tsaka tana kallo. Kamyo ya wuce kudu da shanu, wani da buhuna, wani cike da samari masu tafiya cin rani suna waƙa. Ko furar da na sayo mata ba ta taɓa ba.

Wajen la'asar wani kamyo ya tsaya shan ruwa. Direban baƙo ne, ban san shi ba, da jin Hausarsa mutumin gabas ne. Inna ta ce in kira mata shi. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ta.

Ta ce, "Ɗana, tambaya gare ni. In kana tafe da kaya cike, ka ga mutane a bakin hanya da mace a kan gado, haihuwa ta gagara, ba ka san su ba, ba su da abin ba ka. Kana tsayawa?"

Ya ce, "Ina tsayawa, Inna."

"Ko mai kayan yana jiranka?"

"Ko wa ke jirana. Wallahi ko buhuna ne sai in sauke a sa ta."

Ta daɗe tana kallon fuskarsa, har ya fara jin nauyi ya sunkuyar da kai. Sannan ta kwance bakin zanenta ta ba shi goro, ta sa masa albarka, ta ce mini mu tafi gida.

Mun yi nisa, shanu na tafiya a hankali, garin ya ɓace a bayanmu, sai ta ce, "Ya yi saurin rantsuwa." Na ji daɗi ma a raina, na ce Inna tana nan yadda na san ta. Muka ƙara tafiya. Can na ji ta ja numfashi, na waiwaya na ga tana goge fuska da gefen mayafi, ba ni take kallo ba.

Ta ce, "Amma idonsa ba na maƙaryaci ba ne. Da ya tsaya."

A iya sanina wannan ne karo na farko da ta ba baƙo gaskiya, kuma na san abin da ya ci mata kafin ta furta. Ba ta sake tayar da maganar ba. Ta rasu kafin a shigar da hatsin wannan shekara, muka rufe ta kusa da ɗiyarta. Allah ya jiƙan Inna, ya jiƙan Hajo, ya sa sun huta.